Tsofaffin Rigunan Abban Yara

Edita, ina yi muku sallama, ku da duk masu bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ban taɓa zaton wata rana zan kawo nawa ba. Ba zan ambaci sunan kowa ba. A lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai. Haifaffiyar Zariya ce ni, aure ya kawo ni Landan tun da ƙuruciyata. Muna zaune a wani flat na council, irin gidajen hayar gwamnati, a unguwar Edmonton, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu, ina aikin taimaka wa malamai a wata makarantar ƙananan yara. Amma in gaskiya za a faɗa, babban aikina a wancan lokacin shi ne tsare mutunci a idon jama'a. Ni ce mai fitar da anko in za a yi biki, ni ce mai sanin wa ta maimaita leshi, wa ta zo suna hannu Rabbana. Komai zan yi sai na fara tambayar kaina me mutane za su ce.

Maigidana kuwa, wanda nake kira Abban yara, wani irin mutum ne daban. A Jos ya tashi, ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, kuma direban bas ne, irin jajayen nan masu hawa biyu. Ba ya shan komai sai shayi, ba ya wasa da salla, ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya nake gani a matsayin aibinsa, son kiɗa. Ba wai ya kunna a waya ya saurara kawai ba, sai ya yanki tikiti ya je inda makaɗan suke wasa ya gani da idonsa. Kuma duk wasan da ya je sai ya dawo da riga tishat ta wannan ƙungiyar, irin wadda ake sayarwa a bakin ƙofa, gaba hotonsu ko tambarinsu, baya jerin garuruwan da suka zaga a shekarar. Tun kafin ya aure ni yake tara su. Akwai na masu kiɗan reggae, akwai na masu jita daga Nijar da Mali, akwai na 'yan Ghana, akwai na wasu Turawa masu dogon gashi da ko hotonsu ba na son kallo. Yawancinsu baƙaƙe ne da suka koɗe suka koma ruwan toka, rubutun ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Amma durowa biyu ya ware musu, a ninke tsaf, alhali shaddojinsa ni ce nake fama da su.

Rigunan nan har ladubba gare su, kamar wani karatu. Ba a wanke su da ruwan zafi, sai an juya cikinsu waje, dutsen guga kuwa ko kusa. Ba ya sa rigar wasan da bai je ba. Ya ce riga shaida ce, wanda ya sa ta cewa yake yi ina wurin, shi kuma ba zai yi shaidar zur da ƙirjinsa ba. Ba ya kuma sa rigar ƙungiya ya je wasan wannan ƙungiyar da ita, wai kamar ka je gidan mutum ne riƙe da hotonsa. Sai dai ya sa ta wasu, don na kusa da shi ya gani su sami abin hira. In a hanya wani ya kalli rigarsa ya gyaɗa kai, dole ya mayar, kamar amsa sallama. Na taɓa gani da idona a kasuwar unguwarmu. Wani ƙaton Bature, hannu duk zane, irin wanda in na hango nake gyara riƙon jakata, ya tsaya cak yana nuna ƙirjin Abban yara. Sai ga su suna dariya suna tafawa kamar 'yan gida ɗaya, ni ina tsaye da ledar cefane ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Babbar 'yarmu ta taɓa ba shi labarin yadda wasu suke tare 'yan mata in sun gan su da irin rigunan, su ce sai sun lissafo waƙoƙin ƙungiyar, in sun kasa a yi musu dariya. Ransa ya ɓaci. Ya ce wannan rashin tarbiyya ne, dokarsa ta kansa ce, bai ɗora wa kowa ba. In ka ga mutum da rigar da bai san tarihinta ba, ka gaya masa waƙa ɗaya da zai je ya nema, ka wuce, ta haka ake samun ɗan'uwa.

Ni dai abin kunya na ɗauki rigunan. Ina ganin mazan ƙawayena cikin shadda da hula, ni nawa da furfura a gemu yana yawo da hoton mai jita a ƙirji. Abin da ya kai ni bango wani suna ne da aka yi a gidan wasu manyan mutane, masu gida a nan da gida a Abuja. Ya taso daga aiki ya biyo ɗaukata, ya shigo gaishe su da ɗaya daga cikin koɗaɗɗun nan a ƙarƙashin jaket. Wata Hajiya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce mini cikin raha ashe har yanzu angon nawa saurayi ne. Mata suka kwashe da dariya. Wataƙila ma ba da mugunta ta faɗa ba, amma ni ji na yi kamar an watsa mini garwashi. A mota na zazzage masa abin da ke cikina, na ce ya girma bai san ya girma ba, yana zubar mini da mutunci. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in yi haƙuri, ba zai sake ba. Kuma bai sake ba. Daga ranar rigunan suka koma ƙarƙashin kaftani ko kayan aiki. Hirar wasannin da yakan ɗauko mini lokaci-lokaci, ina ba shi rabin kunne, ita ma ya daina. Ni har murna na yi, na ce na huta.

Wata safiya lokacin sanyi ina makaranta aka kira ni a waya. Abokin aikinsa ne. Ya ce Abban yara ya kai bas ɗinsa ƙarshen layi a kudancin gari, ya sauke fasinja lafiya, ya kashe mota, sai ya kasa tashi daga kujera. Da aka leƙa aka ga bakinsa ya karkace. An wuce da shi babban asibitin da ke Camberwell. Ban san yadda na isa ba. Likita ta zaunar da ni ta ce stroke ne, gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, hawan jinin nan ne da yake ta cewa zai je a duba bai je ba. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta tafi. Yana ji, yana gane mu, amma duk abin da ya yi niyyar faɗa kalma ɗaya ce take fita: to. In yana jin ƙishi, to. In yana jin ciwo, to. In na tambaye shi ya jiki, ya yi ta kokawa da bakinsa har jijiyar wuyansa ta tashi, ƙarshe ya ce to, hawaye su gangaro.

Mutumin da kullum rayukan jama'a ke hannunsa a titi, yau sai an juya shi, sai an wanke shi, sai an ba shi abinci a baki. Bayan an mayar da shi ɗakin masu murmurewa sai ya juya wa duniya baya. In masu physio, wato masu koya wa majinyaci motsa gaɓoɓi, suka zo ya rufe ido. In mai koyar da magana ta zo da katunanta na hotuna, ya kawar da kai bango. Likitoci suka gaya mini a fili cewa watannin farko su ne masu muhimmanci, in bai motsa yanzu ba zai yi wuya ya rabu da keken guragu. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, na kawo ruwan tofi, na kawo manya su yi masa nasiha. Sai dai ya dube mu da idon wanda ya riga ya yi bankwana. Kullum in taso daga Edmonton, jirgin ƙasa, sannan bas, in canza a Aldwych in haye kogi, ina kallon direbobi cikin irin kayansa ina haɗiye kuka.

Ma'aikatan jinya suka ce mu kawo masa kayan gida ya daina zama cikin rigar asibiti. Na ɗauko kaftani biyu masu kyau na goge. Babbar 'yarmu, wadda a lokacin ta gama jami'a ta fara aiki, ta buɗe durowar nan ta kwaso tishat ta zuba a jaka. Na ce mata ba za a yi haka ba, mutane na zuwa dubiya, a bar shi da kamalarsa. Ita tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa, ranar kuwa ta mayar mini da abin da ban shirya ji ba. Ta ce kaftani ba ya shiga hannun da ya shanye sai da azaba, kuma mutanen nan nawa sun leƙo sun koma harkarsu, shi ne yake kwance a wurin. Dole na bar ta ta tafi da su. Da ta sa masa ta farko, wata baƙa ta 'yan reggae da ta fi kowacce tsufa, sai ya sunkuyar da kai ya daɗe yana kallon ƙirjinsa. Ya ɗago hannun hagu ya shafa rubutun a hankali. Bai yi murmushi ba, amma ranar bai juya bango ba.

A gadon da ke kallon nasa akwai wani dattijo Bature ɗan ƙasar Ireland, tsohon magini. Shi ma ciwon ne ya kwantar da shi, sai dai shi ƙafa ya taɓa ya bar masa baki, bakin kuma ba ya hutawa. Da farko haushin surutunsa nake ji. Ranar da aka sa masa baƙar rigar nan, da rana aka zaunar da Abban yara a kujera yana fuskantar taga, bayansa na wajen dattijon. Sai na ga tsohon ya sa tabarau yana karanta garuruwan da ke bayan rigar ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya buga hannu a gado ya rantse shi ma yana wannan wasan na Landan, a wani tsohon zaure da yanzu an rushe an yi gidaje. Ya tambayi maigidana ko ya tuna yadda na'urar sauti ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, jama'a suka karɓe ta da bakinsu har aka gyara. Abban yara ya juyo da kai da ƙyar ya ce to, amma wannan to ɗin daban take da sauran. Sai tsohon ya fara rera waƙar da muryarsa mai kama da kukan tsohuwar ƙofa, ya kai wani wuri ya manta baitin, ya tsaya yana lalube.

Sai na ji an ƙarasa masa. Murya ce a shaƙe, a karkace, amma kalmomi ne cikakku, baiti guda har ƙarshensa, daga bakin mutumin da tun da ya faɗi bai haɗa kalma biyu ba. Kofin shayin da ke hannuna ban san lokacin da na sake shi ba. Shi kansa Abban yara ya firgita, ya zaro ido yana dubana kamar mai tambayar ko ni ma na ji. Tsohon kuwa ko a jikinsa, ya ce yauwa, haka ne, ya ci gaba, suka kai waƙar ƙarshe tare, ni ina durƙushe ina goge shayi a ƙasa ina kuka.

Mai koyar da maganar ba ta yi mamaki kamar ni ba. Ta ce ana samun haka, waƙa da magana ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba, wani lokaci ɗaya ta lalace ɗayar tana nan. Ta ce kada in ɗauka ya warke, tafiya ce mai nisa, amma yanzu ta sami ƙofar shiga. Ta ajiye katunanta, ta fara sa shi rera abin da yake son faɗa da sautin waƙoƙin da ya sani, tana buga masa kiɗan da yatsa a bayan hannu. Ni kuma na ce a raina, in waƙa ta fita, abin da ya haddace tun yana yaro ma zai fita. Na ja masa Fatiha, sai ga shi ya bi ni har amin. Ranar na yi sujada a ɗakin salla na asibitin, na daɗe ban ɗago ba.

Daga nan kullum da rigar da za a sa. Da safe tsohon zai ce a juyo masa shi ya ga ta yau. Wasu ya sani, wasu bai taɓa jin sunansu ba, sai ya ce 'yarmu ta nemo a waya ta kunna. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Ghana ta ga ta mutanen ƙasarsu, ta yi ta rausaya da tiren magani a hannu, ta ce da waƙarsu aka yi bikin iyayenta. Mutumin da ake wucewa ta gabansa kamar ba kowa, sai ga shi ya zama wanda ake tsayawa a gaisar. Tsohon ne kuma ya tunzura shi zuwa physio. Ya ce masa abin kunya ne wanda ya saba tsayuwa a gaban dandamali tun daga farkon wasa har ƙarshe ya ce ba zai iya tashi daga kujera ba. Abban yara ya harare shi. Washegari ya kama ƙarfe ya miƙe.

Ni ce nake kwaso rigunan in wanke, kuma don kada a bar ni a baya na ce 'yarmu ta zuba mini waƙoƙin a waya. A bas nake saurara, abin kunne a ƙarƙashin mayafi. Na ɗauka hayaniya zan ji. Akwai hayaniyar kam, wasu har yau ban ga abin so a cikinsu ba. Amma da yawa ashe maganar uwa suke yi, da kewar gida, da wahalar baƙo a garin da ba a san sunansa ba. Sai na fara hango saurayin da ya sauka ƙasar nan shi kaɗai, ba dangin iya bare na baba, yana wankin kwanuka a gidan abinci, ya je ya tsaya cikin mutanen da ba su san shi ba, na ɗan lokaci ya ji shi ma ɗan gari ne. Wannan mutumin na aura, na zauna da shi fiye da shekara ashirin, ban taɓa tambayarsa yadda ya yi ba.

Ina cikin kwaso rigunan ne na kai ƙasan durowa ta biyu, na ci karo da wata da ba irin sauran ba. Shuɗiya ce mai dogon hannu, ƙarama, ɗinkin mata, ko sau ɗaya ba a sa ta ba. Hoton wata mawaƙiya ce ta Afirka ta Yamma. Na zauna a bakin gado ina juya ta, sai abin ya dawo mini. Shekarar da na zo, lokacin zafi, ya shigo da murna ya ce ya yi mana booking, za a yi wasa da rana a wani lambu, iyalai ake zuwa da shimfiɗa da abinci, yana so in ga matar nan da idona. Na ce masa ni 'yar gidan malamai ce, ba za a gan ni a wurin kiɗa ba. Ya tafi shi kaɗai, ya dawo da wuri, bai ba ni labarin wasan ba, ni ma ban tambaya ba. Na kai rigar asibiti na shimfiɗa masa a cinya. A lokacin ya fara samun kalma ɗaya-ɗaya. Ya dube ta, ya dube ni, bakinsa ya yi ta motsi.

“Taki,” ya ce.

Na ce, “Abban yara, ai ban je ba. Kai ka ce ba a sa rigar wasan da ba a je ba.”

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ni, sannan ya dafa ƙirjinsa. Ya sake nuna ni, ya sake dafawa. Ya yi ta nema har kalmar ta zo.

“Kin je.”

Na kifa kaina a gefen gadon. Tsohon da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya ya ja labulensa ya ba mu wuri. Da na koma gida na gwada rigar, ko kafaɗa ba ta wuce ba. An sayo ta ne don wata siririyar amarya da ta daɗe da tafiya, haihuwa biyu da tuwon shekaru sun shiga tsakani. Na tsaya tsakar ɗaki, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ina dariya ina kuka.

An sallami tsohon kafin mu, ya koma wurin 'yarsa. Yakan kira ta bidiyo ya yi ta surutu, Abban yara na amsawa da abin da ya samu. Bayan mun dawo gida da 'yan watanni, 'yar tasa ta kira ta ce ciwon ya sake dawo masa, wannan karon bai tashi ba. Ta ce ya bar wasiyya kada kowa ya zo taron bankwanarsa da baƙar kwat, kowa ya sa rigar wasan da ya fi so, kuma ya ce a gaya wa abokinsa direban bas. Na tambayi Abban yara ko za mu je mu yi musu ta'aziyya. Kafin in rufe baki ya nuna durowa. Ni na tura shi a keke har zauren da aka yi taron. Edita, ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Tsofaffi masu sanda, mata masu farin gashi, kowa da koɗaɗɗiyar rigarsa, wata ta matse tumbi, wata ta yi yawa saboda mai ita ya rame. Ba wanda ya dubi tsadar kayan wani. Mutum zai matso ya karanta ƙirjinka, ya zaga ya karanta bayanka, sai hira ta ɓarke. Suka kewaye maigidana suna jira da haƙuri har ya fitar da kalmarsa, ba mai ƙarasa masa, ba mai kallon agogo. Ni da abayata da mayafina suka karɓe ni hannu bibbiyu, wata tsohuwa har da zuwa ta tabbatar ba a sa mana abin da addininmu ya hana a faranti ba. Na sha zuwa taro a garin nan, amma ban taɓa zuwa inda aka girmama mijina kamar wurin ba.

Yanzu Abban yara yana tafiya da sanda, yana zuwa masallaci da ƙafarsa ranar Juma'a, tuƙi kuwa ya bar shi ke nan. Magana tana zuwa gajeru-gajeru, in ya gaji ta gudu. Rigunansa yake sawa duk inda ya ga dama. Amma ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya dawo ba. Wani lokaci muna shan shayi sai in ce ya ba ni labarin wadda ke jikinsa. Idonsa zai yi haske, ya buɗe baki, in ga labarin gaba ɗaya a fuskarsa, wanda ya raka shi, abin da ya ba su dariya, amma kalmomin su ƙi zuwa. Ya yi ta ƙoƙari, ƙarshe ya yi murmushi ya kaɗa hannu, wai a bar shi. Abokan da ya je wasannin da su wasu sun koma gida, wasu sun rasu. Ba wanda zan tambaya.

Na san akwai masu kallon kiɗa ta wata fuska, ni ba malama ba ce, ban zo yin fatawa ba. Abin da na gani na faɗa. Mata, ku matsa wa mazanku su je a auna musu jini, hawan jini ba ya sallama. Amma abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Kusan kowane mutum yana riƙe da wani abu da a idon na waje tarkace ne, wani tsofaffin kaset, wata kwanon kakarta mai tsatsa, wani rigar da ta isa tsumma. Ba abin yake riƙe da shi ba, wani yanki ne na ransa da bai san yadda zai faɗa da baki ba. Na kwashe shekaru ina gyaran mijina don ya dace da idon mutane, ban zarge su ba, kowa da hidimar da ta dame shi, laifina ne da na ba su kujerar da ba su nema ba. Ina roƙon masu karatu su sa Abban yara a addu'a, Allah ya ƙara masa lafiya. Ke kuma 'yar'uwata, kai ma ɗan'uwa, in abokin zamanki ko mahaifinka ya ɗauko wani tsohon abu ya fara da cewa kin san wata rana, to a ajiye waya, a rage wutar girki, a zauna. Baki aro ne, mai shi yakan karɓi abinsa ba sanarwa. Ni an yi mini tayin labaran nan a cike, da dariyarsu da komai, na ce ba na so. Yau ga ni ina tsintar su ƙwaya-ƙwaya, kuma duk ƙwayar da na samu sai na yi wa Allah godiya.